Amsa kan tsohuwar bindigar farauta: shekarunta da darajarta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya turo hotunan bindigar farauta da ya gada daga mahaifinsa, yana tambaya ko lambar 98 da ke jikinta tana nufin tun 1898 aka ƙera ta, da kuma yadda zai gane darajarta.

Malam, wannan 98 sunan samfuri ne. Kamfanin Mauser da ke Oberndorf a Jamus ya fito da shi a 1898, amma an ci gaba da ƙera miliyoyin irinsa har tsawon shekaru masu yawa, a Jamus da Beljiyam da birnin Brno na ƙasar Czech, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ɗauki na soja da dama, aka rage musu katako, aka mayar da su na farauta. Saboda haka lambar ta faɗa mana zuriyar bindigar ne kawai.

Abin da zai kai ka ga shekarun shi ne ƙananan tamburan gwaji da ake bugawa a gindin bututun bayan an gwada ƙarfin bindigar, waɗanda wani lokaci katako yake rufewa. Kafin ka taɓa komai, ka zare sakatar, wato ƙarfen da ake ja baya don saka harsashi, ka tabbatar babu harsashi a ciki. Idan ta Jamus ce kuma ka ga kambi a kan harafin N, an gwada ta da albarushi marar hayaƙi, tambarin da ya yaɗu daga 1912, kafin mikiya ta maye gurbin kambin a wajen 1940. Sau da yawa akwai wata da shekara a kusa, kamar 528, wato watan Mayu na 1928. Ta Beljiyam tana ɗauke da ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma an ƙara mata kambi a 1893. BNP kuwa na Birmingham ne a Ingila, daga 1954. Sai dai a kula, tambari yana nuna lokacin gwaji ne, domin bindigar da aka shigar Ingila don sayarwa akan sake gwada ta ko da ta tsufa.

Akwai wani abu da ya fi batun kuɗi muhimmanci. Harsashin 8x57, wanda da yawa daga cikin irin wannan bindiga suke amfani da shi, iri biyu ne, na farko siriri, sai wanda ya fi shi kauri kaɗan da aka fito da shi a 1905, mai alamar S. Saka mai kaurin a bututun da aka yi wa siririn haɗari ne, don haka kada a harba ta sai ƙwararren maƙeri ya auna ta.

Game da daraja, tsufa shi kaɗai ba ya sa tsada. Masu tarawa suna biyan kuɗi ne a kan asali, wato lambar da ke kan sakata ta yi daidai da ta jikin bindigar, ba a huda ƙarfen don ɗora madubin hange ba, layukan da suka murɗe a cikin bututun ba su cinye ba, sannan baƙin ƙarfen da man katakon su ne na masana'anta. A nan mutane suke yi wa kansu asara, domin sai mutum ya goge ta da yashi ta yi ƙyalli, alhali ya kankare abin da mai saye yake nema, wani lokaci har da tamburan. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa.

Sunan maƙeri ma yana da nauyi. Mauser ɗin da Rigby ko Holland & Holland na Landan suka haɗa ba sa'ar wadda aka yanko daga ta soja ba ce, kamar yadda Winchester samfurin 70 da aka yi kafin 1964 ta fi wadda ta biyo bayanta tsada. In za ka kwatanta farashi, ka dubi yadda aka sayar da irinta a gwanjo, ban da abin da masu talla suke nema.

Ka turo mana hoton tamburan a cikin haske mai kyau, tare da rubutun da ke saman bututun, sannan ka daidaita lasisinta da sunanka bisa dokar inda kake kafin maganar sayarwa ta taso. Wassalam.