Amsar Koci kan maganar diraf da cinikin gurbi

Ga muryar da Koci ya turo jiya da dare, na rubuta ta saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, sai yanzu na dawo daga fili na buɗe waya, na tarar da musu ya yi zafi. Ƙanina, na ji tambayarka. Ka ce me ya sa ƙungiya a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, za ta ɗauki ɗan wasan da kowa ya san ƙwarewarsa ta bayar, ta karɓi gurbin zaɓe a diraf, alhali ba ta ma san yaron da za ta samu ba. Wani ɗan'uwa ya amsa maka cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, wani kuma ya ce in dai ka samu lamba ta ɗaya ka gama. Sannan ka haɗo min da bidiyon wani yaro na minti biyu, ka ce in faɗa maka ko zai yi. To, bari in ɗauke su a hankali.

Ga wanda bai saba ba, diraf ɗin nan shi ne zaman da ƙungiyoyi ke zaɓar sabbin yara ɗaya bayan ɗaya, kowacce a lambar gurbinta, kuma galibi a watan Yuni ake yin sa. Ƙungiyoyi 30, zagaye biyu, gurbi 60. A tsarin da aka fara a 2019, ƙungiyoyi 14 da suka kasa shiga wasannin neman kofi su ake yi wa ƙuri'a, a fitar da gurbi huɗu na farko. A wannan tsarin, ukun da suka fi kowa shan kashi, kowacce damarta ta samun lamba ta ɗaya kashi 14 ne cikin ɗari, ba ƙari. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga ƙungiya ta zubar da shekara guda da gangan tana barin a ci ta. A 2025 Dallas ce ta ci ƙuri'ar da damar kashi 1.8, ta ɗauki Cooper Flagg, waɗanda suka yi shekara suna faɗuwa suna kallo. A 2024 ma Atlanta da kashi 3 ta ci. Ka ga tun kafin a zo kan yaro, ita kanta lambar ba a hannunka take ba.

To a ce ka same ta. Ni ba zan ce lamba ta ɗaya banza ce ba, wanda ya faɗi haka bai yi adalci ba. Da ita aka ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, a 1984, ya kawo wa Houston kofi a 1994 da 1995. Da ita aka ɗauki Tim Duncan a 1997, LeBron a 2003, Wembanyama a 2023. Shekarar da irin waɗannan suka fito, babu abin da za a ba ka ka sayar da ita. Amma ku tuna akwai ɗan Legas na biyu da aka kira da lamba ta ɗaya, Michael Olowokandi, Clippers, 1998. Ƙafa bakwai, ga jiki, ga gudu, bai daɗe da fara wasan ba, sai mutane suka ce ai ga wani Hakeem. A wannan daren aka bar Vince Carter ya kai lamba ta 5, Dirk Nowitzki ta 9, Paul Pierce ta 10. Olowokandi ya yi shekarunsa a NBA, ya ci abincinsa, ban raina shi ba, amma bai zama abin da aka saye shi ya zama ba. Abin da aka manta, Hakeem kafin ƙwallon kwando ya yi gola a ƙwallon ƙafa, ya yi ƙwallon hannu, ƙafarsa da idonsa sun riga sun nuna. Su kuwa tsawo suka gani da garin haihuwa.

Wannan tarkon tsawo, wallahi ya ci manya. Portland ta ɗauki Sam Bowie a lamba ta 2 ta bar Michael Jordan. A 2007 ita dai Portland ɗin ta ɗauki Greg Oden ta bar Kevin Durant, kuma a gwajin da ake yi wa yara kafin diraf, Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 185 ko sau ɗaya, aka yi ta surutu wai ba shi da ƙarfi. Shi Oden gwiwa ce ta ci amanarsa, ba rashin iyawa ba, Allah ne bai nufa ba. A 2009 Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya, ƙafa bakwai da inci uku, a lamba ta 2. James Harden na bayansa a ta 3, Stephen Curry a ta 7, bayan Minnesota ta ɗauki masu raba ƙwallo har biyu a jere, ta 5 da ta 6, ba ta taɓa shi ba. An ce siriri ne, an ce daga ƙaramar makaranta ya fito, Davidson. Ka dubi abin da ya biyo baya.

Yanzu bidiyon da ka turo. Ƙanina, ba zan iya ce maka komai a kansa ba, don abin da ka turo min talla ne. An tsince inda ya yi tsalle ya dankara ƙwallo a kwando, an sa kiɗa. Duk yaron da za a yi maganarsa a diraf yana da irin wannan minti biyun. Ni idan ina duba yaro, ko a nan filinmu ne, ba na bin ƙwallo da ido, shi nake bi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. Ya jefa bai ci ba, yana komawa baya da gudu ko yana tsayawa yi wa alƙalin wasa ƙorafi? Mutum biyu sun rufe shi, yana ganin wanda aka bari a kusurwa kafin a rufe ko sai bayan an ƙwace? Wannan saurin gane wasan, shi ne abin da na fi wahalar koya wa yaro. Jiki ana gina shi, a shekara biyu ka ga yaro ya cika. Jifa ma ana gyara shi. Amma wanda ba ya ganin fili, da wuya ka sa masa ido.

Nikola Jokic shi ne hujjata a nan. A 2014 Denver ta ɗauke shi a lamba ta 41, zagaye na biyu, ana tsakiyar tallan abinci a talabijin sunansa ya wuce a ƙasan allo. Ga ƙiba, ba tsalle, ba gudu. Abin da yake da shi kawai hannu mai laushi da idon da ke ganin fas ɗin da sauran ba su gani ba. Ya zama gwarzon shekara a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗauki kofi a 2023. Sau 40 aka kira suna kafin a zo kansa.

Wani abu da nake so ku riƙe, idan kuna son sanin ko yaro zai iya jifa daga nesa idan ya shiga cikin manya, ku duba jifansa na kyauta, wanda ake ba shi bayan an yi masa keta. A nan babu mai tare shi, babu uzuri, hannunsa ne kawai da natsuwarsa, kuma yana yin sa da yawa har lissafin ya zama abin dogaro. A 2017 Markelle Fultz yana cin na maki uku sosai a jami'a, amma jifansa na kyauta bai kai kashi 70 ba. Jayson Tatum kuwa ya haura 80. Boston na riƙe da lamba ta ɗaya, ta miƙa wa Philadelphia wadda ta ɗauki Fultz da ita, ita kuma Boston ta sauko ta 3, ta karɓi ƙarin gurbi a kai, ta ɗauki Tatum. Fultz ya gamu da ciwon kafaɗa, ba zan ɗora komai a kan lissafi ba, amma alamar tana nan tun kafin.

Sai shekaru. Yaro ɗan 18 da ke fafatawa da magidanta ya fi ɗan 22 da ke wasa da ƙannensa, ko da na biyun ya fi zuba maki. Luka Doncic yana ɗan 19 ya zama gwarzon gasar Turai da Real Madrid a 2018, duk da haka aka ɗauki mutum biyu kafin shi. Giannis, ɗan iyayenmu 'yan Najeriya, a rukuni na biyu na Girka yake wasa, ɗan 18, siriri kamar sillen kara, Milwaukee ta ɗauke shi a ta 15 a 2013. A shekarar Cleveland ta ba Anthony Bennett lamba ta ɗaya, wanda bai jima ba ya bar NBA. Kuma idan za ku auna, ku bar tsawon kai, ku sa yaro ya buɗe hannuwansa, abin da masu auna igiya ke kira gaba. Da hannu ake tare ƙwallo, ba da ƙoƙon kai ba.

To mu dawo kan ciniki, wanda shi ne asalin tambayarka. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne kuɗi. NBA na da iyakar albashin da ƙungiya za ta kashe. Yaron zagaye na farko kuwa albashinsa a ƙayyade yake gwargwadon lambarsa, shekara huɗu, biyu tabbas, biyu sai ƙungiya ta so. Idan ka dace da yaro nagari, kana biyan sa kuɗin yaro yana yi maka aikin babba, rarar kuma ka ɗauko wasu da ita. Nan darajar gurbi take. Sannan ba duk gurbi ne ɗaya ba. Ka tambaya, na wace ƙungiya ne, na wace shekara, kuma an sa masa sharaɗin cewa idan ya faɗo a sama mai shi zai riƙe abinsa, ko a sake yake? Gurbin ƙungiyar da taurarinta suka tsufa, na shekara huɗu masu zuwa, ba sharaɗi, wannan zinari ne. Na ƙungiya mai ƙarfi a bana, lamba ta 28 ko 29 zai ba ka.

Ku dubi 2013. Brooklyn ta karɓi Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai 35, ta ba Boston gurbinta na 2014 da 2016 da 2018, da damar musanya na 2017. Pierce shekara ɗaya ya yi ya tafi, ƙungiyar ta rushe, ta koma ƙasan tebur, amma ladan faɗuwar tata, Boston ce ke kwasa. Daga nan Jaylen Brown ya fito a 2016, daga nan Tatum ya fito a 2017, su biyun suka ɗauki kofin 2024. Haka Oklahoma a 2019, ta ba Clippers Paul George, ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander da gurbi biyar na zagaye na farko. Ɗaya daga ciki ya zama Jalen Williams a lamba ta 12 a 2022. A 2025 Shai gwarzon shekara, Oklahoma da kofi. Irin wannan ɓarnar ba yau ta fara ba, har doka aka kafa da sunan Ted Stepien, tsohon mai Cleveland, don hana ƙungiya ta bar kanta ba gurbin zagaye na farko shekara biyu a jere nan gaba.

Amma ɗan'uwan da ya kawo maganar ƙwai a baka, shi ma yana da gaskiyarsa, kuma shaidarsa namu ne. Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, a hannun Koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi wasan nan. A 2018 yana jagorancin Toronto ya bayar da DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da gurbi ɗaya, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green, ya san Kawhi na iya tafiya bayan shekara guda. Kuma ya tafi ɗin, amma sai da ya bar musu kofin 2019. Abin da ya sa wannan cinikin ya yi kyau, na Brooklyn ya lalace, Toronto ta riga ta haɗu, mutum ɗaya ya rage mata, kuma ba ta jinginar da shekara huɗu ba.

Kuma ku duba yadda ya haɗa ta, nan ne abin ke taɓa min zuciya. A ƙungiyar da ta ci kofin nan babu ko mutum ɗaya da aka ɗauka cikin 14 na farko. Kawhi kansa lamba ta 15 ne a 2011. Pascal Siakam, ɗan Duwala ta Kamaru, wanda sai da ya kusa shekara 18 ya kama wasan da gaske, a lamba ta 27 suka ɗauke shi a 2016, a 2019 aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba. OG Anunoby lamba ta 23 a 2017, ya faɗo ƙasa ne saboda ciwon gwiwa, suka yi haƙuri da shi. Fred VanVleet kuwa an kira suna 60 babu nasa, suka ɗauko shi daga waje. Siakam ɗin nan ya karya ƙa'idar shekarun da na faɗa ɗazu, don yana ɗan 22 aka ɗauke shi. Sai dai su sun lissafa shekarunsa a cikin wasan ne, ba na haihuwa ba, suka ga yadda duk shekara yake zuwa da sabon abu, ga gudun da ba ya gajiya. Lamba ta 27 a hannun mutanen da ke zuwa su zauna su kalli yaro, su tambayi kocinsa halinsa, su kuma raine shi bayan sun ɗauka, ta fi ta 5 a hannun masu cinikin biri a sama. Don haka in ka tambaye ni nawa gurbi yake, sai in tambaye ka wa zai yi zaɓen, wa kuma zai horar da yaron.

Shi kuma yaron naka, ƙanina, ka nemo min cikakken wasansa, daga farko har ƙarshe, ba yankakke ba. In da hali wanda aka ci su, ko wanda hannunsa ya ƙi. Ka rubuto min shekararsa ta haihuwa da jifansa na kyauta na kakar nan. Ranar Asabar bayan La'asar in mun tashi atisaye sai mu zauna mu kalla tare, duk wanda ke kusa ya zo. Sai da safenku.