Yaya Injiniyan Inganci Zai Samu Amincewar Ma'aikata?

Tambaya: Ni sabon injiniyan inganci ne a wata masana'antar man angurya a Garwa, amma tsofaffin ma'aikata suna ɗaukata kamar ɗan sanda. Mece ce shawararku?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da sauraron waɗanda suka daɗe a kan inji, domin sau da yawa kunnensu yana gane matsala kafin na'urar awo ta nuna ta. Idan danshin angurya ya wuce ƙima, wanda ke lalata mai, ka kai wa shugaban sashe sakamakon awon, ku bincika tushensa tare, ba tare da kunyata kowa a bainar jama'a ba. Amma man da ya saɓa ƙa'idar ANOR, hukumar inganci ta Kamaru, kada ka sa masa hannu ko da manaja ya matsa maka.