Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Za A Daidaita Tsawon Tseren Taswira Tsakanin Maza da Mata, Yara da Dattawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke karkarar Birnin Kudu a Jihar Jigawa, kuma ni nake kula da 'yan sikawut na makarantar. Bara, bayan an kammala girbi, na shirya wa ɗalibai tseren taswira, wato wasan nan da ake ba mutum taswira da kamfas (na'urar nuna alƙibla) ya nemo tutocin da aka kakkafa a daji bi da bi, wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙaranci shi ne zakara. Na ba maza kilomita 5 da tuta 10 a tsakanin duwatsu da gonaki, mata kuma na ba su kilomita 2 da tuta 4, dukkansu a bakin hanya. 'Yan matan sun dawo da wuri, suka ce an raina su, kuma bana sun dage sai an ba su daidai da na maza. Ga shi kuma malaman firamaren garin sun ce za su kawo yaransu. Shin adalci shi ne kowa ya yi tsawo ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka kai wannan wasa karkara, domin yaran da suka tashi suna gane hanya da kuka da tsamiya da bakin rafi sun riga sun mallaki rabin abin da wasan yake nema. 'Yan matanka suna da gaskiya a kokensu. Sai dai a ganina abin da ya kamata ka fara daidaitawa shi ne lokacin da gwanin kowane rukuni zai ɗauka a daji, da kuma wahalar nemo tutocin, sannan yawan kilomita ya biyo baya.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai, haka aka gina wasan tun asali. Ya fito ne daga ƙasashen arewacin Turai, inda sojojin Suwidin suke horo da shi a ƙarshen ƙarni na 19, aka kuma yi gasar farar hula ta farko a Norwe a shekarar 1897. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1961, aka gudanar da gasar duniya ta farko a Finlan a 1966. Mai tsara hanyar tsere a wannan wasa yakan fara ne da tambayar minti nawa ake so zakara ya ɗauka, daga nan sai ya dubi ƙasar ya yanke tsawon da zai cinye wannan lokaci. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san karkararmu. Kilomita ɗaya a kan hanyar burji daban take da kilomita ɗaya a tsallaken kunyoyin gonar dawa, ko a cikin yashin jigawa da ƙafa take nutsewa, ko a hawan duwatsu irin na Birnin Kudu da Dutse. Bugu da ƙari, tsawon da ake rubutawa a taswirar tseren daji ana auna shi ne a miƙe daga tuta zuwa tuta, alhali mai gudu sai ya kewaye kwari da sarƙaƙiya da shingen gona, saboda haka abin da ƙafarsa take takawa ya zarce abin da aka rubuta. Masu tsara hanya a Ingila ma sukan lissafa hawan tudu na mita 100 kamar ƙarin kilomita guda.

A gasar duniya akwai gajeren tsere na cikin gari wanda ake so zakara ya gama cikin minti 12 zuwa 15, da matsakaici na minti 30 zuwa 35, kuma a waɗannan biyun lokacin maza da na mata ɗaya ne. Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne dogon tsere, domin shekara da shekaru ana tsara wa maza minti 90 zuwa 100, mata kuma minti 70 zuwa 80. Ka ga nan an rage wa mata sau biyu ke nan: an rage kilomita saboda bambancin sauri, an kuma rage lokacin kansa, kamar dai ana cewa ba za su iya jure abin da maza suke jurewa ba. A 'yan shekarun nan hukumar ta gyara wannan, ta mayar da dogon tsere kimanin minti 90 ga kowa. Har yanzu hanyar maza ta fi ta mata tsawo a ma'aunin kilomita, amma gwanar mata da gwanin maza suna shafe lokaci ɗaya suna fama da daji.

Tsoron cewa mace ba ta da juriya tsohon tsoro ne, kuma tarihi bai gaskata shi ba. Bayan gasar Olamfik ta 1928 a Amstadam an cire tseren mita 800 na mata, ba a dawo da shi ba sai a Rum a 1960, gudun famfalaki na mata kuwa bai shiga Olamfik ba sai 1984. A gasar duniya ta gudun ƙetare daji (wanda ba na taswira ba ne) da aka yi a Kamfala ta Yuganda a 2017, an rage na maza daga kilomita 12, an ƙara na mata daga kilomita 8, suka haɗu a kilomita 10. Mu nan gida ba ma buƙatar waɗannan misalai kafin mu yarda. Yarinyar da take zuwa rijiya sau uku kafin hantsi, take ɗauko itace daga bayan gari, take bin mahaifiyarta cin kasuwar ƙauyen da ke gaba a ƙasa, ba juriya ta rasa ba. Abin da yakan yi mata ƙaranci shi ne damar atisaye da takalmin da zai kare ta daga ƙaya da ƙarangiya.

To me ya sa ban ce ka ba kowa kilomita 5 a wuce wurin ba? Saboda bayan balaga bambancin sauri yana nan. Tsakanin gwanayen duniya maza sun fi mata sauri da kusan kashi 10 cikin 100 a kan titi, kuma ratar takan ƙara faɗi inda akwai hawa da sarƙaƙiya. Idan ka ba su hanya ɗaya, 'yan matan za su fi daɗewa a cikin rana, waɗanda ba su saba ba kuma za su iya karaya su ƙi dawowa baɗi. Ina son ka lura da wannan na ƙarshen, domin gasar makaranta ta masu koyo ce kafin ta zama ta zakaru.

Amma babban abin da ya ɓata wa ɗalibanka rai, in na fahimci wasiƙarka, ba gajartar hanyar ba ce kaɗai. Tuta 4 a bakin hanya ba ta buƙatar karanta taswira ko duba kamfas, duk mai ido zai hango ta. Wannan wasa kuwa rabinsa ƙafa ne, rabinsa kai: mai tsere ya tsaya ya yanke shawara ko ya haye dutse a miƙe ko ya kewaye ta burtali, ya gane cewa tutar tana bayan dutse na biyu ne ba na farko ba, ya riƙe alƙiblarsa a gonar da aka girbe wadda ko'ina kama ɗaya take. A nan babu wani fifiko da namiji yake da shi a kan mace. Simone Niggli ta ƙasar Suwizalan ta lashe lambar zinariya 23 a gasar duniya, kuma da nutsuwar karanta taswira ta yi suna kamar yadda ta yi da gudu. Da ka ɗauke wa 'yan matan wannan ɓangare, ka ɗauke musu wasan ne gaba ɗaya. Bana ka kafa musu tutoci a irin wuraren da ka kafa wa maza, ko ma su yi tarayya a wasu tutocin, yawansu kuma ya zo kusa.

Game da tsawo, kada ka yi ƙiyasi daga ofis, ka auna. Ka zaɓi gwanaye uku cikin maza da uku cikin mata, ka sa su zagaye kilomita guda mai tuta biyu a irin ƙasar da za a yi gasar, ka rubuta lokacin kowa. A ce ka samu gwanin maza yana cin kilomita cikin minti 8, gwanar mata cikin minti 10, kuma kana son tseren minti 40. Sai ka ba maza kilomita 5, mata kilomita 4. Da wannan lissafi za ka ga cewa kilomita 2 ta bara rabin haƙƙinsu ce kawai. Bayan gasa ka ajiye sakamakon, domin shi zai gyara maka awon baɗi. Idan kuma akwai yarinyar da ta ce ita hanyar maza take so, ka bar ta, dokar hukumar duniya ma ta yarda mace ta shiga rukunin maza.

Yaran firamare lamarinsu ya fi sauƙi. Kafin shekara 12 bambancin saurin yaro da yarinya kaɗan ne, saboda haka hanya ɗaya ta ishe su, kimanin kilomita 1 da rabi zuwa 2, mai bin abin da ido yake gani kamar hanya da shinge da bakin rijiya, da tuta a kowace mararraba. A ƙasashen da wasan ya kafu ana raba yara da tazarar shekara biyu-biyu har zuwa 20, amma makaranta ɗaya ba ta da yawan da za ta yi haka. Hanya uku ko huɗu sun wadatar.

Idan kana son ranar da babu wanda zai ce an rage masa komai, akwai nau'in da ake warwatsa tutoci da yawa, kowace da makinta, a ba kowa lokaci ɗaya, misali minti 45, ya tattaro iya abin da zai iya, wanda ya makara a rage masa maki. Haka kuma tun 2014 gasar duniya tana da tseren miƙa-wa-na-gaba na mata biyu da maza biyu. Kai za ka iya haɗa lokacin mata biyu da maza biyu na kowane gida a gasar gidajen makaranta ba tare da sun yi gudu tare ba, wanda zai fi kwanta wa iyaye a rai, kuma zai sa kowane gida ya damu da horar da 'yan matansa. Ka sanar da dagaci da masu gonaki tun da wuri, ka kauce wa gonakin waken da ba a ɗebe ba da wuraren kiwo, a fara da sanyin safiya, a sallami masu tsere da tazarar minti 2, 'yan mata su tafi bibbiyu da usur a hannu, malamai mata kuma su tsaya a wasu tutocin.

TAMBAYA: Ni tsohon soja ne mai shekara 63, ina zaune a wani ƙauye kusa da Rano a Jihar Kano. Na yi aikin karanta taswira a bakin aiki. Da matasanmu suka shirya irin wannan tsere na nemi shiga, sai suka haɗa ni da yara 'yan shekara 10 saboda gwiwata ba ta son nisa. Na gama ban ko buɗe taswirar ba. Haka ake yi wa dattawa a wannan wasa?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba haka ake yi ba, kuma matasan sun yi kuskuren da masu shirya gasa da yawa suke yi da kyakkyawar niyya, wato ɗaukar cewa gajeriyar hanya dole ta zama mai sauƙi. Yaro yana da ƙafa amma bai ƙware a taswira ba, shi ya sa ake ba shi gajeriya mai sauƙi. Ku kuwa ƙwarewar tana nan, gwiwa ce ta rage ƙarfi, don haka abin da ya dace da ku shi ne gajeriya mai wuyar nema.

A tsarin duniya rukunin manya yana farawa daga shekara 35, ana raba shi da tazarar shekara biyar-biyar, kuma akwai gasar duniya ta musamman dominsu wadda har masu shekara 80 da 90 suke shiga. Yayin da shekaru suke ƙaruwa ana rage tsawo da hawan tudu, ana kauce wa gangara mai santsi da tsallaken shinge, amma ba a rage wahalar gano tuta. Ana kuma buga musu taswira mai manyan alamomi saboda ido, a ma'aunin 1:10,000 ko 1:7,500 a maimakon 1:15,000 da ake ba gwanayen dogon tsere.

Ku gaya wa matasan su ware muku kilomita 2 zuwa 2 da rabi a gindin duwatsun Rano, ba a kansu ba, da tuta 7 ko 8 da aka ɓoye a bayan ƙananan duwatsu da cikin kwaruruka, inda sai da kamfas da ƙidayar taku za a kai gare su. Babu dokar da ta ce sai an yi gudu, tafiya mai ƙarfi ta isa, kuma yana da kyau ku je a auna muku hawan jini kafin ranar. Tunda kun yi aikin taswira, ku nemi su zauna da ku lokacin tsara hanyoyin sauran rukunoni, ku bar taku hanyar kawai a hannun wani domin kada ku san inda tutocinku suke.