Yaya ake auna aiki da albashi bayan ambaliya?

Tambaya: Wani mai karatu daga Harobanda a Yamai ya ce bayan ambaliya ya ga kuɗin magina ya tashi, alhali maƙwabtansa da yawa suna zaune babu aiki. Yana son sanin wanne ne masu ƙididdiga suke ɗauka.

Amsa: Malam, duka biyun gaskiya ne, amma alƙaluma sun fi saurin nuna na farkon. A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda cibiyoyi irin su INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasar Nijar, suke bi, duk wanda ya yi ko da awa ɗaya ta aikin kuɗi a makon da ya gabata mai aiki ne. Saboda haka manomin shinkafar Saga, a gefen Yamai, da ruwa ya cinye gonarsa a Satumban 2020, lokacin da kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, idan ya yi dako na yini guda, a takarda bai rasa aiki ba.

Akwai kuma matsalar samun mutanen. Ana zaɓar gidajen da za a tambaya ne daga jerin da aka tsara kafin bala'in, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne suka koma makarantu ko wajen dangi, inda mai tambaya ba zai same su ba. Ko a Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, sai da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta sauya yadda take lissafi.

Albashi ya fi yaudara. Idan masu ƙaramin samu suka fita daga lissafi, matsakaicin albashi yakan hau ba tare da an ƙara wa kowa ko dala ba. Rajistar CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, kuwa ma'aikata masu takarda kawai ta sani, ba ta san mai tuyar ƙosai ko ɗan kabu-kabu ba, alhali irinsu ne suka fi yawa.

Ni dai na fi amincewa da binciken da ke bin gidaje kafin ambaliya, ya sake bin waɗannan gidajen bayanta, ko da ta wayar salula, yana tambayar kwana nawa aka yi aiki da nawa aka samu. Sai a gwada samun da farashin tiyar gero, a kuma kwatanta da unguwar da ruwa bai shiga ba a daidai wannan watan, domin damina da kanta tana rage wasu ayyukan kowace shekara.