Kwana huɗu a Amboise, bakin kogin Loire

Tambaya: Zan je Paris da iyalina a watan Yuni, kuma muna da rarar kwana huɗu. An ba ni shawarar garin Amboise. Ya cancanci zuwa? Ba mu da mota, kuma ina tunanin abin da za mu ci a matsayinmu na Musulmi.

Amsa: Malam, ya cancanta ƙwarai, kuma ba ka bukatar mota. Jirgin ƙasa daga tashar Austerlitz ta Paris yana kai ka Amboise cikin kimanin awa biyu. Tashar Amboise tana arewacin kogin Loire, sai ku tsallaka gada da ƙafa ta kan tsibirin Île d'Or, fadar sarakuna tana gabanku a kan tudu.

Shawarata ita ce ku sauka a garin ku yi zamanku, kada ku shiga tseren ganin fada goma a kwana huɗu. Kwarin Loire cike yake da su, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma bayan ta uku yara sun gaji, kai ma ɗakunan sun fara yi maka kama da juna.

Ku fara da fadar Amboise. A nan aka haifi Sarki Charles na 8 a 1470, a nan kuma ya mutu a 1498 bayan ya bugi kansa da saman wata ƙofa. Cikin harabarta akwai ƙaramar majami'ar Saint-Hubert inda kabarin Leonardo da Vinci, shahararren mai zane kuma mai ƙirƙira, yake. Sarki François na 1 ne ya gayyato shi daga Italiya a 1516, ya ba shi gidan Clos Lucé, inda ya rasu a 1519. Gidan yana kusa, da ƙafa ake zuwa, kuma a lambunsa an ƙera injinan da ya zana, har yara na iya juya wasu da hannu.

Akwai abin da nake roƙonka kada ka wuce shi. A fadar Amboise, daga 1848 zuwa 1852, Faransa ta tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya, wanda ya shafe shekara goma sha biyar yana yaƙar mamayarta, tare da iyalansa da mabiyansa, duk da alkawarin da aka yi masa lokacin da ya ajiye makami cewa za a bar shi ya tafi ƙasar Musulmi. Sanyi da cuta sun ci mutanensa, har 25 suka rasu a nan, da yawansu mata da ƙananan yara. A 2005 mai fasaha ɗan Aljeriya Rachid Koraïchi ya tsara musu Lambun Gabas a saman harabar, dutse ɗaya ga kowane mamaci. Yawancin baƙi suna ɗaukar hoton kogi su sauka ba su san da shi ba. Ku hau, ku yi musu addu'a.

Rana ta biyu ku je Chenonceau, fadar da aka gina a kan kogin Cher, kilomita kusan 12 daga Amboise. Sauran lokacin ku yi hayar keke ku bi hanyar Loire à Vélo, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, ta ratsa gonakin inabi da gidajen da aka sassaƙa cikin farin dutse. Amma ku ja wa yara kunne kada su shiga kogin: yashinsa yana zabtarewa, ruwansa yana ja ta ƙasa ko da ya yi kamar yana kwance.

Batun abinci yana bukatar lura. Rillettes da rillons, da yankin ke alfahari da su, naman alade ne, kuma ana zuba giya a miya da yawa, don haka ku tambaya kafin ku yi oda. Kifi, ƙwai, burodi da cukwin akuya na Sainte-Maure za su wadace ku. Kasuwa tana ci a bakin kogi da safiyar Juma'a da Lahadi, ta Lahadin ta fi girma. Naman halal da masallacin Juma'a sun fi samuwa a Tours, minti ashirin a jirgi. Gidajen abinci kan daina ba da na rana da ƙarfe 2, ba sa sake buɗewa sai wajen 7. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, saboda haka ka duba lokutan salla na garin tun kafin ku taso.