Amsar Goggo kan ɗiban farko na shukar bayan ɗaki

Assalamu alaikum, 'yata. Ya maigidan naki da yara, ya kuma baƙunta? Saƙonki ya iso. Kin ce hadarin da aka yi muku a Kumasi ya kwantar da shukar bayan ɗakinki: zogale ya karye, tumatir ya ruɓe, tushen kuɓewa shida kaɗai suka tsira. Yanzu sun fara 'ya'ya, kina tambaya ko dole ne ki raba wa maƙwabta ɗiban farko kamar yadda kika taso kika ga muna yi, alhali abin bai cika kwano ba, ga shi gidan haya ne, rabin mutanen ba Hausawa ba, wasu ma ba Musulmi ba.

In dole ta shari'a kike nufi, babu. Wannan ba zakka ba ce. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa ganye da kayan miya ba a fitar musu da zakka, hatsi ma sai ya kai sa'i 300. Al'ada ce ta iyaye, amma tana da gindi, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abu Zarri da ya yawaita ruwan miya ya tuna da maƙwabtansa. Maƙwabci kuwa maƙwabci ne, ko wane yare yake ji. Ni dai shawarata ki raba, ko uku-uku ne.

Bari in gaya miki dalilina. Lokacin da marigayi maigidana yake fataucin goro, mun yi shekaru a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Damina ta biyu da zuwana na samu kuɓewa mai kyau daga irin da na ƙullo a bakin zane tun daga Kano. Na kai wa wata tsohuwa Ba'ashantiya da ɗakinta ke kallon nawa, ba ma jin maganar juna sai nuni. Ashe ba ta dafa duka ba, wasu sun yi ƙwari, ta rataye su a saman murhunta. Da shekara ta zagayo, iskar watan Afrilu ta zo da dare, ta yaye kwanon kicin, ruwa ya bi ta kan shukata ya tafi da ita har ƙasar, irin da na adana kuma ya jiƙe ya yi fumfuna. Da safe ina tsaye cikin taɓo ina hawaye, sai ga ta da ƙwanso huɗu baƙi ƙirin da hayaƙi, ta danƙa min a hannu. Da su na sake shuka. A 1983 kuma, shekarar fari da gobarar daji da yunwa a Gana, gwazar bayan ɗakinta muka ci tare, saiwa da ganye. A ƙasar da hadari kan share lambu cikin dare ɗaya, irin da ke hannun maƙwabciya ya fi wanda ke cikin tukunyarki tsira.

Amma laifin asarar nan ba na hadari kaɗai ba ne, kin yi noman Kano a ƙasar da ba Kano ba. Mu nan ruwa muke riritawa, shi ya sa mai lambu yake yin fangali mai zurfi don ya tare shi. Can kuwa korar ruwa ake yi. Ki ɗaga kunya ta kai kamu guda ko fiye, ki haƙa masa hanya ya wuce, kuma kada ki shuka komai inda indararo ke zuba. In filin siminti ne, buhu ko tsohon bokiti da aka huhhuda gindinsa ya isa. Jar ƙasar can ba ta riƙe taki, ruwa ke wanke shi, don haka ki riƙa sa ruɓaɓɓen kashin kaji kaɗan-kaɗan, ki lulluɓe gindin da busasshen ganyen agade.

Lissafin wata ma daban ne. Damina biyu gare su: babba daga wajen Maris zuwa Yuli, sai ruwa ya lafa a Agusta, daidai lokacin da mu nan muke tsakiyar malka, sannan ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Iska mai ɓarna ta fi zuwa a farkon damina, daga gabas take tasowa, to ki lura da ɓangaren da katanga ke kare miki. Tumatir ba ya son ganyensa ya kwana a jiƙe, ki bar shi sai ƙarshen ƙaramar damina ki riƙa ba shi ruwa da hannu. Abin da ƙasar ke so shi za ki ba ta: kuɓewa, yalo, attarugu, alayyafo, yakuwa, gwaza, da lalo, wanda za ki ji suna ce wa ayoyo, shi ne miyar tuwon zafinsu.

Zogalen nan kada ki tuge shi. Icensa ba ƙwari, can kuma saurin tsawo yake yi, shi ya sa iska ke karya shi. Ki sare shi daidai ƙirjinki, zai tofo da rassa da yawa, ki dasa reshen da ya karye a wani gefen. In kin samu agade ya ɗauki kai, ki tokare shi da gora tun kafin ya yi nauyi. Dodon koɗi kuma da dare yake fitowa ya cinye tsiro, ki zagaye kunya da toka, ki sake zubawa bayan kowane ruwa.

Iri shi ne abin da na fi ji miki. Danshin can yana kashe shi a cikin leda. Ki zaɓi tushen da ya fi lafiya cikin shidan nan, ki bar masa 'ya'ya biyu ko uku su ƙosa su bushe a jikinsa, ki rataye su inda hayaƙi ke taɓa su. In hunturu ya shigo a Disamba ki ɓare, ki shanya, ki zuba a kwalba da ɗan toka ki toshe.

Ranar da za ki tsinka, ki fara da matar da ƙofarta ta fi kusa da taki, ki kai da kanki, kada ki aiki yaro. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce na bayan ɗaki ne. In mai zuwa ya samu zan aiko miki da irin yakuwa da na rama. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yara.