Kada ka sayi sababbin rola tukuna, ka fara duba yadda masarar take zubowa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun da safe, aiki ne ya hana ni zama in rubuta. Ka ce injinka na rola da kake niƙa masara ya fara fitar da gari iri biyu, gefen dama laushi, gefen hagu tsaki, moto kuma yana ta yanke wuta da rana tsaka, har wani ya ba ka shawarar ka sayi sababbin rola. Sannu, wallahi sannu. Kafin in kai ƙarshen rubutun naka na san inda za ka tsaya, don abin da ya same ni ke nan, har da shawarar sayen rolar. Don Allah kada ka fitar da ko sisi tukuna, kuma ka janye hannunka daga abin matse rolar nan, don na tabbata kullum sai ka ƙara murɗa shi. Matsalarka tana sama, inda masarar take shigowa.

Ka buɗe murfin sama inji yana aiki, ka tsaya ka kalla da kyau, hannuwanka a baya. Abin da ya kamata ka gani shi ne kayan suna zubowa kamar labule, siriri, daga wannan bakin rola zuwa wancan, babu giɓi, babu inda ya fi kauri. In ka ga suna faɗowa a dunƙule a tsakiya, ko sun karkata gefe ɗaya, ko suna zuwa suna ɗaukewa, to ka gano ciwon. Rola ba ta rarraba kaya da kanta, inda abu ya faɗo nan take niƙa shi. Gefen da kaya suka yi yawa sai ya ture rolar ta ɗan buɗe, tsaki ya wuce bai niƙu ba. Gefen da babu kaya kuma, da ka ƙara matsewa, ƙarfe ne zai riƙa gugar ƙarfe, haƙora su cinye, boris ya ɗauki zafi, moto ya riƙa jan wuta fiye da ƙima. Ka ga duk abubuwan da ka lissafa uwarsu ɗaya.

Ƙananan rolar nan guda biyu da ke sama da manyan, waɗanda yawancinmu ba ma kulawa da su, su ne masu aikin rarraba kayan. Ta farko tana juyawa a hankali, zanen jikinta ne yake baza kayan zuwa gefe da gefe. Ta biyun ta fi sauri, ita ce take miƙar da su ta jefa su daidai tsakanin manyan rola. Sai ƙofar da ke kansu, wadda sifirin yake riƙe da ita: in kaya sun taru a hopa, wato mazubin da ake juye masara a ciki, nauyinsu ya buɗe ta kaɗan, in sun ragu ta koma. Waɗanda suka ƙera injin ba don ado suka sa su ba.

To ni wani makaniki ne ya raba ni da su. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, kuma yana iya yiwuwa yana cikin masu karanta wannan. Bel ɗin ƙananan rolar ne kawai yake santsi, na kira shi ya duba. Ya zo ya zagaya injin, ya cire hula ya mayar, ya ce mini, Alhaji, duk wannan tarkacen masu ƙera inji ne suke ƙarawa don su ci kuɗinku, ni zan mai da maka shi ya riƙa cin buhu biyu a lokacin da yake cin ɗaya. Ina can wajen sayen kaya ya cire rolar farko gaba ɗaya, ya cire sifirin, ya kawo wani falen ƙarfe ya yi masa walda a madadin ƙofar, ya canza fuli ya sa ƙarami don ta biyun ta ƙara gudu. Da na dawo na tambayi kayan da ya cire, sai ya ce ai sun mutu, ya ba yaransa. Har yau ban sake sa su a ido ba. Kuma falen da ya liƙa ɗin ma a karkace yake, gefe ɗaya yatsa yana shiga, ɗaya gefen ko wuƙa ba ta shiga.

Da farko kam injin ya yi gudu, har yaran suna murna. Daga baya sai gari ya fara canzawa. Na kira shi, ya ce in matse. Na sake kira, ya ce in ƙara matsewa. A lokacin ana gab da azumi, na karɓi aikin wata Hajiya mai sayar da garin tuwo a leda, wadda ta daɗe tana kawo mini aiki, ta ba ni kuɗi tun kafin a fara. Ranar da abin ya faru ina ofis ina lissafi sai na ji wani ƙauri, irin na ƙarfe da ya ƙone haɗe da gari. Na fito da gudu na tarar yaron inji ya tsaya yana kallo, ya rasa abin yi, wani ƙara yana fitowa daga gefen hagu wanda har yanzu in na tuna shi sai haƙorana su yi tsami. Muka kashe. Gidan boris ɗin ba ya taɓuwa don zafi, giris ya narke yana ɗiga ƙasa, bakin rolar ya canza launi ya koma shuɗi-shuɗi, haƙoran wajen sun shafe sumul. Garin da ke ƙasa ya yi duhu, ka murza shi a tafin hannu ka ga ƙyallin ƙarfe a ciki. Ka san kuma yadda ƙurar gari take da wuta, Allah ne kawai ya kiyaye tartsatsi bai kama ba, da ba wannan maganar ake yi ba. Hajiya ta zo ta buɗe buhu, ta ɗebo ta shinshina, ta watsar, ta ce, Malam, wannan zan ba mutane su yi buɗa-baki da shi? A gaban yarana ta faɗa, da masu jiran layi. Na biya ta masararta, na mayar mata da kuɗinta, kuma daga ranar ta koma wani wuri. Buhunan nan masu kiwon kaji ma sai da na gaya musu gaskiyar abin da ke ciki, suka ƙi ɗauka, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na kira shi ya zo ya gani, ko a jikinsa. Ya leƙa ya ce rolar ce dama ba ta da kyau, amma yana da wanda zai kawo mini wasu da sauƙi. Wato ya kashe mini inji, kuma yana so ya ci la'ada a kan gawar. Na bar shi da Allah. Kuɗin aikinsa ma har gida ya aiko a karɓa.

Wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a kamfanin fulawa a Bompai kafin ya yi ritaya shi ya fitar da ni. Bai ko kalli manyan rolar ba da farko, hopa ya hau ya leƙa, ya sauko yana girgiza kai. Shi ya koya mini gwajin da nake so ka yi gobe da safe. Ka sami dogon faranti ko ludayi mai dogon hannu, ka tari gari a ƙarƙashin rola wuri uku, hagu da tsakiya da dama, kowanne daban. Ka ji ɗuminsu a hannu, sannan ka tankaɗe kowanne da rariya ɗaya ka ga abin da ya rage a sama. In ba su zo daidai ba, ko zubowar ce ba daidai ba, ko rolar ba su daidaitu da juna ba. Ka fara gyara zubowar, sannan ka kashe inji ka auna tsakanin rolar a bakin nan biyu da gejin nan mai siraran ƙarafa da makanikan mota suke auna filogi da shi. In an yi akasin haka wahala ce kawai, don za ka daidaita rola a kan kayan da ke zuwa a karkace.

Kuma ka duba zaren buhu. Wannan ƙaramin abu ya sa mutane da yawa sun yi asara. Ko daga Dawanau ka ɗauko masara ko daga Saminaka, sai ka sami zare da guntun leda da totuwa a ciki. Zaren yana naɗewa a jikin ƙaramar rolar, ya cike zanen, wurin ya daina jan kaya, sai ka ga giɓi a zubowar. Kullum kafin a tayar da inji a sa buroshin waya a goge. A kashe inji tukuna, don Allah. Na san wanda ya rasa yatsu a kan cire zare inji yana tafiya, kuma yaran nan ba sa ji, sai ka tsaya a kansu. Mai babbar riga ko mai faɗin hannu ma kada ya matso wajen. Maganaɗisu kuma dole ne a bakin hopa, ƙusa ɗaya ta ishe ta ɓata maka haƙoran da ka biya kuɗi aka yanka.

Ba ka faɗi ko kana jiƙa masarar kafin a ɓarza ba. Ina tambaya ne don danshi yana canza yadda kaya suke gudu. Masarar kaka da ba ta gama bushewa ba tana kamewa a hopa, ta yi rumfa a sama ƙasa babu komai, sai ta rufto gaba ɗaya, a nan ne moto yake yanke wuta. Ta lokacin hunturu kuma a bushe take ƙayau, tana zuba da gudu, in ka bar ƙofar yadda take a watan Oktoba za ta yi yawa a Janairu. Masu alkama suna kai danshinta wajen kashi 15 zuwa 16 cikin 100 su bar ta ta huta kafin niƙa, don dusar ta yi taushi ta fita a faffaɗe. Mu ma in an yayyafa ruwa a bar shi ya shiga jikin ƙwayar, kada a zuba a inji saman yana jiƙe. Sannan in bututun da ke zuƙe iska daga injin ya toshe, zafin niƙa yana sa murfin ya yi gumi ta ciki, gari ya manne ya zama ƙullu a bakin ƙofar, ya tare wani sashe. Ka shafa cikin murfin bayan an kashe, in ka ji laima ka bi bututun.

Af, yaron da ke zuba maka kaya ma ka lura da shi. In yana juye buhu ta gefe ɗaya na hopa, ko yana bari ta ƙare ƙaf sannan ya cika, babu ƙofar da za ta gyara wannan. Ni fenti na sa na ja layi biyu a cikin hopa, na ce kada kaya su wuce na sama, kada su gaza na ƙasa. Ka tabbatar kuma bututun da ke kawo kaya yana sauka a tsakiya, don in tsaki da gari suna haɗe, manyan suna gangarawa gefe, laushin ya tsaya inda ya faɗo. Manyan injina irin na kamfanoni, masu rola mai kaurin milimita 250 da tsawon mita 1, suna da na'urar da ke jin yawan kayan da ke cikin gilashin sama, ita take ƙara gudun ƙananan rolar ko ta rage, in kaya sun yanke kuma ta raba manyan rolar da kanta. Namu ƙananan hannu ne, don haka doka ce a wurina: kaya su fara zuba sannan a haɗa rola, a raba rola sannan a tsayar da kaya. Musamman da wutar nan tamu da ake ɗaukewa ba sallama, in ta dawo rola a haɗe da kaya a tsakani, sai ka ji bel yana kuka.

In kana da hali, ka raba ƙananan rolar da bel ɗin babban moto, ka sa musu ƙaramin moto mai giya da inbata, yadda za ka riƙa ƙara gudu ko ragewa da ɗan maɓalli kana kallon agogon da ke nuna wutar da moto yake ja. Ni abin da na yi ke nan daga baya, allurar ta daina rawa. Wasu suna sa faranti mai karkarwa, yana da kyau ga ƙwaya da tsaki, amma gari mai laushi yana manne masa, kuma sai an sa shi a miƙe sosai in ba haka ba shi ma gefe ɗaya zai riƙa turawa. Kada dai ka yarda kowa ya taɓa fulin manyan rolar ko giyarsu. Masu haƙora an yi su ne ɗaya ta juya sau 2 da rabi kafin ɗayar ta yi 1, masu sulɓi kuma bambancin kaɗan ne, wajen 1 da kwata. Wannan bambancin ne yake yanka ƙwayar, in aka ɓata shi sai dai ta lotse.

Game da rolar taka, in cinyewar ba ta yi zurfi ba ana iya kankare samanta a sake yanka haƙoran, ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba, amma a kai su biyun tare, kuma ka rubuta yadda suke a ɗaure kafin a kwance, wacce ce mai sauri, ina haƙoran suka fuskanta, don a mayar da su yadda suke. Tunda kana kusa da Kano, kamfanin Bühler mai ƙera injinan niƙa ya buɗe cibiyar gwajin sarrafa hatsinmu na gida a nan a 2024, ba laifi ka je ka yi tambaya. Ka ɗauko mana bidiyon zubowar murfi a buɗe, da hoton ƙofar da ƙananan rolar, ka turo. Ka gaya mini kuma ko wani ya taɓa yi wa wajen walda, don yadda ka kwatanta abin nan ina zargin hannu ya shiga. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya raba mu da masu gyaran gangar auzinawa.